Yadda Muka Wanke Sunan Basarke

Ran nan na bi ta tsohon layinmu na Mount Hope zan je a duba mini gwiwa, sai na tarar an sauke doguwar eriyar nan da ke kan rufin bes, wato ofishin rabon aikin direbobin haya. Shagon ma an mai da shi wurin gyaran farce. Na tsaya riƙe da sandata ina ta kallo, har wata yarinya ta leƙo ta tambaye ni ko jan farce nake so a shafa mini. Na yi dariya na wuce. Amma tun daga ranar kunnena bai daina jiyo ƙarar rediyon nan ba, ƙirrr, shhh, sannan muryar mai rabon aiki ta biyo baya tana kiran lambobin motoci kamar mai kiran kaji.

Ina amarya aka kawo ni garin nan. Maigidana karatu yake yi da safe, da yamma ya ja motar haya. Mu Hausawan unguwar Bronx ta New York a lokacin falo ɗaya ya ishe mu, har da sauran wurin ajiye takalma. Akwai 'yan Kano da Zariya irinmu, akwai mutanen Nijar, akwai 'yan zangon Kumasi da Hausarsu mai daɗi da ba ta raba mace da namiji. Kuka da daddawa sai an jira wani ya sauka a filin jirgin JFK da akwati, a raba cokali-cokali kamar magani. Tuwo da garin masarar 'yan Mexico muke tuƙa shi. Da sanyi, ƙarfen ɗumama ɗaki ya yi ta ƙwanƙwasa kamar maƙeri ya tare a bango, da zafi kuma yaran unguwa su buɗe famfon 'yan kwana-kwana su mai da titi rafi. Maigidana ya ajiye mini tsohon rediyon mota a kan firij don in riƙa jin motsinsa, to shi ne ya zama jaridarmu, shi ne dandalinmu. Tsakanin kiran fasinja da kiran fasinja sai ka ji wani ya saƙalo Hausa: “Jama'a, gidan wa aka yi miyar kuka yau?” Wani ya amsa daga can gadar Queens: “Ka makara, na riga ka.” Yanzu kowane direba na manne da wayarsa, muryar wata Baturiya na ce masa bi dama bi hagu, wanda ke motar gefensa ko ɗan garinsu ne ba zai sani ba. 'Ya'yana suna cewa haka ya fi sauƙi, kuma ban musa ba. Sai dai da haka ake a zamaninmu, da ba mu wanke sunan Basarke ba.

Basarke mutumin Yawuri ne, cikin Sarkawa masu su. Cewa yake a cikin kwalekwale aka haife shi, sai da ya iya iyo sannan ya iya tafiya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, in ya yi dariya har gilashin mota sai ya amsa. Ƙanwata yake ce mini, mu duka kuma 'yan tudu yake kiranmu. Layin filin jirgi yake bi, in jira ya yi tsawo sai ya zarce bakin teku na Rockaway, ya faɗa ruwa ya wartsake, ya yi sallarsa a kan rairayi, ya sayo kifi wurin masu ƙugiya ya kawo mini a naɗe cikin jarida. “Ƙanwata, soya mana, kada ki ba shi wahala da yaji, kifin kirki ne.” Haka yake faɗa kullum.

Wata la'asar cikin tsananin zafi ina yanka albasa, na ji mai rabon aiki na ta kiran lambarsa, shiru. Ya sake, shiru. Direbobi suka fara zolaya, wai Basarke ya koma gidan surukansa kifaye. Washegari da hantsi 'yan sanda suka zo bes. An ga motarsa a bakin teku. An ga takalmansa a jere, rigarsa a ninke, agogo da walat a kanta. Shi kuma ruwa ya turo shi can gaba da asuba.

Kuka mun yi shi, amma abin da ya biyo bayan kukan ya fi zafi. Wani ɗan sanda ya ce a saninsa, wanda ya jera takalmi ya ninke riga haka, bai shiga ruwa da niyyar fitowa ba. Kowa kuma ya san kwanakin nan Basarke ya rage dariya, tun da aka hana matarsa takardar zuwa. Kafin azahar maganar ta zaga unguwa. Wasu na cewa gwanin iyo irinsa ta yaya ruwa zai ci shi in ba shi ya miƙa kansa ba. Limaminmu, a ɗan masallacinmu na ƙarƙashin bene, ya ce salla dai za a yi masa, amma in ta tabbata shi ya kashe kansa, sai dai wani ya ja, ba shi ba. Ga tsohuwar mahaifiyarsa a Yawuri, ga mata da ɗa ƙarami. Da wane baki za a aika musu?

Babbanmu a lokacin Baba Alhaji ne, wani tsoho ɗan zangon Kumasi da ya shigo ƙasar nan ta jirgin ruwa tun ba a haife mu ba. Ya tara mu a falona, ya buga sandarsa a ƙasa. “Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya,” in ji shi. Ya ba mu labarin yana yaro, zamanin Turawa, in ruwa ya ci mutum a ƙasarsu, ba a binne shi sai an zauna kotun gawa. A shimfiɗa mamaci a bakin kogi a lulluɓe shi da tabarma, a kawo wa Bature teburi da tafinta, a kira mai fito, a kira mata masu wanki, a kira duk wanda ya gifta, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. “Ruwa ba ya magana, 'ya'yana,” ya ce. “Mutane ke yi masa. Ku tashi mu je mu ji wa ya yi wa wannan magana.”

Maigidana ya ce in zauna gida da goyo. Na ce ƙafata ƙafarku, wanda ya ci kifin mutum ai ya san hanyar gidansa. Muka tafi ofishin likitocin binciken gawa a Manhattan, wani gini mai sanyi da warin magani. Wadda ke riƙe da maganar wata likita ce, baƙar mace mai furfura, tabarau na rataye a wuyanta. Ta zaunar da mu, ta yi mana ta'aziyya, sannan ta yi magana maigidana na fassara wa Baba.

“Jikinsa ya gaya mini ruwa ne ya kashe shi. Babu giya, babu duka. Amma jiki ba ya faɗin abin da ya shigar da mutum ruwa.”

Baba ya ce, “Gaya mata takalman nan da rigar, salla ce. Kowa a cikinmu haka yake yi.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce maganar ta shige ta, kuma ba ta yanke komai ba tukuna. Ta ce a garin nan ma, can da, in an tsamo mutum daga ruwa sai a tattaro maza daga bakin tashar jiragen ruwa a zaunar da su gaban gawar, su saurari shaidu su yanke hukunci a wurin. An daɗe da barin wannan, amma abu ɗaya bai canja ba. “Ku kawo mini wanda ya gani da idonsa. Zan jira ku zuwa ƙarshen mako.”

A bakin ƙofa Baba ya dube mu, idonsa na ƙyalli kamar na saurayi. “Kun ji ko? Kotun gawa ce, teburin ne kawai ya canja. Ku nemo mini shaida!”

To daga nan gari ya kama. Maigidana ya roƙi mai bes, aka buɗe rediyo aka yi shela. Direbobinmu suka bar fasinja a titi suka nufi Rockaway, suna bin masu kamun kifi da masu share rairayi ɗaya bayan ɗaya. Mu mata muka taru a kicin ɗina muka kewaye firij. Anti Ladi, aminiyata 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi kamar ni, ta ɗora tukunyar wake da shinkafa don duk wanda ya dawo ya samu abin sawa a baki. Yara na son wasa ana ce musu shit, rediyo na magana. Can sai muryar maigidana ta fito, yana haki: sun samu wani mai tura keken ƙanƙara mai zaƙi. Ya ce ranar ya ji ihu daga wajen duwatsu, inda babu masu tsaron ruwa, sannan ya ga wata mata ta fito a guje ɗauke da yarinya jiƙe sharkaf, ta tare wata baƙar motar haya ta shige. Anti Ladi ta saki ludayi. “Ei! Yarinya? Wallahi ceto ya je!”

Amma baƙar motar haya a New York ai kamar a ce maka nemo baƙar akuya a kasuwar Wudil ne. Sai mai rabon aikinmu ya kira bes ɗin 'yan Senegal, su suka kira na 'yan Haiti, waɗancan suka kira na 'yan Dominika. Tambaya ɗaya ke yawo cikin harsuna huɗu ko biyar: wa ya ɗauko mata da jiƙaƙƙiyar yarinya daga Rockaway? Na tuna na ƙona albasa har sau biyu, ba wanda ya kula. Yini guda shiru. Washegari wajen azahar sai rediyo ya yi ƙara, muryar Ɗan Maraɗi ta fashe a ciki, wani dogon direba ɗan Nijar da ba ya magana sai da Faransanci a tsakiya: “Se bon! Se bon, jama'a! An same shi!” Wani direba ɗan Haiti ne, Ɗan Maraɗi ya haɗu da shi a layin jira na JFK yana mitar yadda ruwan gishiri ya ɓata masa kujerar baya. Ya ce a Bronx ya sauke su, bayan titin Grand Concourse, kusurwar wani kanti mai koriyar rumfa. Gidan ne bai sani ba. Jama'a, tsakaninsu da mu bai fi tafiyar zuwa masallaci ba! Mun aika mutane har bakin teku, ashe shaidarmu na bayan gidanmu.

Maza suka yi zumbur za su tafi, Baba ya tare ƙofa da sanda. “Ku dakata. Matar da ta gudu daga inda aka ceci 'yarta, tsoron hukuma ne ya kore ta. Ku je ku goma kuna buga ƙofa, sai ta ɗauka 'yan shige da fice ne, ta fita ta taga. Mata za su je.” Ya dube ni, domin tsohuwar da nake kula da ita 'yar Puerto Rico ce, na tsinci ɗan Sifaniyanci a bakinta, irin na sha magani da ina ke ciwo. Na saɓa ɗana a baya, Anti Ladi ta gyara ɗaurin ɗankwali, muka fita.

Mai kantin ya ce bai san kowa ba, bai ga komai ba. Muka bi matan da ke zaune a matakalar gidaje, su yi wa goyona wasa, in mun ambaci teku su kau da kai. Ƙafafuna suka fara zafi. Anti Ladi ta ce, “Wanda ya je teku da yara, ina zai kai kayan da suka sha rairayi?” Muka shiga gidan wanki na layin. Injina na ta juyi, zafi kamar gidan burodi. A can ƙarshe wata siririyar mata na ninke tawul, wata yarinya da ba ta wuce shekarun shiga firamare ba na zaune kan benci tana tari, gwiwoyinta duk ƙujewa. Na matsa na gaishe ta, na haɗa 'yan kalmomina na ce muna neman wanda ya je teku kwanakin baya. Hannun matar ya tsaya cak a kan tawul. Ta ce ba su je ko'ina ba, ba ta ma dube ni ba.

Na juya ga Anti Ladi na ce da Hausa, “Ita ce, amma ba za ta faɗa ba. Riƙe mini yaron nan in sake gwadawa.”

Sai yarinyar ta ɗago kai da sauri. Ta nuna ni da yatsa ta ce wa uwarta, haka mutumin yake faɗa. Ta kwaikwaya da 'yar muryarta da ta dushe: “Rike! Rike!”

Anti Ladi a ƙasa ta zauna daɓas, tana salati. Ni kuwa nan take na gane. A tsakiyar teku, a bakin mutuwa, Turancin ya gudu ya bar shi, da Hausa yake ce wa 'yar mutane ta riƙe shi.

Uwar ta rufe fuska da tawul ta fashe da kuka. Ta ce igiyar ruwa ce ta fizge yarinyar daga kusa da duwatsu. Ta yi ihu, ba kowa sai wani mutum da ke durƙushe kan rairayi yana addu'a. Ya tashi a guje ya faɗa ruwa, ya cim mata can nesa, ya ɗora ta a wuyansa, ya yi ta fama har ya kawo ta inda uwar ta shiga iya ƙirji ta cafke ta. Da ta juyo ta miƙa masa hannu, ruwan ya riga ya ja shi baya, ƙarfinsa ya ƙare. Ta yi ta kururuwa, sai ta jiyo jiniya daga nesa, ita kuma ba ta da takarda, mijinta ma haka. Ta ɗauka masu jiniyar za su tsamo shi. Tun ranar ba ta runtsa ba.

Na gaya mata bai fito da rai ba, na gaya mata abin da ake faɗa a kansa, da uwarsa da ke can tana jira. Ta ce in ta je ofishin hukuma kama ta za a yi. Anti Ladi ta kama hannunta ta ce mini, “Gaya mata rabinmu haka muke. Gaya mata in za a kama ta, sai an haɗa da ni.” Na ruga wayar kan titi na kira mai furfurar nan, na faɗa mata da guntun Turancina. Ta ce, “Ni aikina in san yadda mamaci ya tafi. Ba na tambayar mai rai ta ina ya shigo.”

Washegari da safe da matar ta leƙo ta taga, ta ga motoci sun cika layinsu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Direbobinmu ne, da ɗan Haitin nan, da wasu 'yan Senegal da ba su taɓa ganin Basarke ba. Muka sa ta a tsakiya, ni a dama Anti Ladi a hagu, yarinyar a cinyata. Da muka isa ta zauna gaban likitar, ta faɗi komai tiryan-tiryan, ba ta rage ba. Yarinyar ma aka tambaye ta, ta sake faɗin kalmar nan, maigidana ya fassara. Likitar ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Sannan ta ce, “Haɗari ne. Ya rasu yana ceton rai. Haka zan rubuta, kuma yau za ku karɓi ɗan'uwanku.”

Baba Alhaji ya manta a ofis yake, ya ƙwala kabbara har masu gadi suka leƙo. Maigidana ya sauka a guje ya ɗauki rediyon mota: “Jama'a, an wanke Basarke! Ceto ya je!” Wayyo, ku zo ku ji oda! Motocin da ke ƙofar ofishin suka ɗauka, na cikin rediyo suka amsa daga Queens, daga Brooklyn, Turawa na tsayawa a titi suna tambaya wace ƙungiya ce ta ci wasa. Muna kuka muna dariya, ni har yau ban san wanne ya fi yawa ba. Liman da kansa ya ja sallar, ya ce wanda ruwa ya ci shahidi ne, balle wanda ya shiga don ran wani. Waɗanda suka yaɗa zancen su suka riga kowa kama makara. Matar da 'yarta suka tsaya can gefe, ta yafa wani mayafi da na ara mata.

Yau in abu ya faru, kafin a tsamo mutum daga ruwa hotonsa ya isa gida, kowa ya yanke hukuncinsa a waya. Mu sai da muka tabbatar sannan muka aika. Muka zauna a falona muka ɗauki kaset, Baba ya yi bayani tun daga farko, liman ya yi addu'a, muka sa yarinyar ta yi godiya da harshenta na fassara. Wani ɗan kasuwa mai komawa gida ya tafi da shi.

Sai da ganyen bishiyoyi ya zube sannan amsa ta iso. Muka sake taruwa, aka danna kaset. Aka ji kukan zakara da muryoyin mata, sannan muryar tsohuwa, siririya amma ba rawa a cikinta. Ta gode wa kowa, ta sa mana albarka. Ta ce dama ta san ɗanta, ruwa ba ya cin Basarke a banza. Har mun ɗauka maganar ta ƙare. Sai ta ce:

“Ku gaida mini jikata ta can. Ku ce wa uwarta ta koya mata iyo, don ɗana ba zai sake zuwa ba.”